Yadda Taken Kututture Ya Koma Kalgo

A Gwandu, a shekarun nan da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tattara nasu-ya-nasu su koma gida, an yi wani mutum mai suna Mika'ilu, wanda Allah ya ba shi baki ya hana shi ƙashi. Ubansa shi ne Adamu Kututture, ɗan kokawar da tun daga Maruda har Kambaza ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba. Dokar fili kowa ya san ta: hannunka ko gwiwarka ya taɓa ƙasa, an kayar da kai ke nan. To, Kututture ko goro aka jefa masa a tsakiyar fili ba ya sunkuyawa, sai dai yaransa su tsince masa.

Da ya rasu ya bar gona, da matarsa Hajjo, da warkin kokawa rataye a ɗakinta, da kuma takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai in zai shiga fili. Gangar cewa take yi, "Kututturen gawo, sai dai a kewaye ka." Tun ranar da aka rufe shi, Baba Mamman makaɗinsa bai sake taɓa wannan kiɗa ba, kuma da dalili. Tsakanin 'yan kokawar Gwandu da na Kalgo akwai wata tsohuwar yarjejeniya. In gwarzo ya mutu, takensa yana hannun magajinsa. In magajin ya yarda aka kaɗa wa wani ya shiga fili da shi, aka kuwa kayar da wannan ɗin, to take ya zama na wanda ya yi kayen, ya tafi da shi garinsu. Shi ya sa mutanen Gwandu suka gwammace taken ya yi ta barci a gida.

Mika'ilu shi ne autan Hajjo, shi kaɗai ne kuma namijin da ya rage mata. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, don ko da ɗan akuya bai taɓa kokawa ba. Abin da ya taɓa yi a duniya shi ne cin rani a Kaduna, inda ya yi wanki da guga a barikin soja. Daga can ya dawo da gajeren wandon kaki, da takalman soja waɗanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma, da usur rataye a wuya, ya ce daga yau a riƙa kiransa Saje. Mutane suka ga ba a biyan haraji a kan suna, suka ba shi. Abu ɗaya kawai aka lura da shi: duk ranar da wani tsohon sojan Bama na gaske ya zo hira, sai Saje ya tuna Inna ta aike shi.

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai ga saƙo daga Kalgo cewa suna tafe da gwaninsu Lawal, wanda ake kira Tarwaɗa saboda santsinsa a hannu. Shekarun nan duk wanda Gwandu ta fitar sai Tarwaɗa ya shimfiɗe shi. Maganar da ake yi ke nan a gindin durumin da Yusufu wanzami ke aski lokacin da Saje ya iso yana jan babban takalminsa.

"Ku dai ku ce ba ku da mai horo," in ji shi. "Ƙarhi kam Basharu na da shi. Amma jaki ma sai an nuna mai hanya. Ku ba ni yaron ga in yi mai horon bariki, ku gani in Tarwaɗa bai koma gulbi ba."

Yusufu ya ɗaga askarsa daga kan wanda yake wa aski. "Saje, kai da ka iya, mi zai hana ka shiga da kanka? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Ka taɓa ganin Janar ya ɗauki bindiga? Janar nuni shika yi da sanda."

"To kai ai Saje ne."

"Wanzami, yi askinka. Ga kunnen mutum nan za ka cire."

Basharun da ake magana, wani ƙaton manomi ne mai wuya kamar turmi, ga ladabi, ga rashin musu. In ka ce masa rana daga yamma take fitowa sai ya ce wataƙila yau ta sake hanya. Da ya ji ɗan Kututture da kansa zai horar da shi, har ƙwalla ya yi don murna, don ya ɗauka wani sirrin gidan za a ba shi.

Sirrin da ya samu shi ne fareti. Kullum da hantsi Saje yana gaba, Basharu yana biye, ana "Lef, rai, lef, rai" daga ƙofar gidan Hajjo har tsakiyar kasuwa. Mata masu fura suna dafe ciki, jakuna suna ba da hanya. Sannan aka zo karatun usur. Busa ɗaya, Basharu ya saki duk abin da yake yi, ya ƙame, ya sara. Busa biyu, ya afka wa duk abin da ke gabansa. Wannan karatu kam ya shiga, don Basharu in ya koyi abu ba ya tsayawa tambayar amfaninsa.

Ranar da Saje ya kawo shi gindin durumi don a ga ci gaba, Yusufu ya ce, "Saje, Tarwaɗa kokawa za shi yi ko gaisuwar Bature Razdan?"

Saje ya sa usur a baki ya busa sau biyu. Abin da ke gaban Basharu kuwa wanzami ne. Kafin a ce kwabo ya sure shi da askarsa da zabirarsa, ya ɗora shi a kan reshen durumi, ya dawo ya tsaya yana jiran umarni.

"Basharu, sauke ni. Ni hwa sa'an ubanka ne."

"Yi haƙuri, Baba Yusufu. Sai Saje ya busa."

Wanda ake wa aski ya gaji da jira, ya tafi gida da rabin kai. Daga ranar aka rage yi wa Saje dariya a gabansa, aka koma yi a bayansa, shi kuwa ya ɗauka girma ne ya zo.

Sai ya shiga gyaran abinci. Ya hana Basharu tuwo da fura, ya ce su ne ke sa Bahaushe nauyin jiki, soja shayi yake sha da biskit. Basharu ya fara ganin jiri a fareti. Hajjo ce ta cece shi, don kullum sai ta kira shi ta bayan danga ta miƙa masa ƙwaryar fura. "Sha maza," takan ce. "Uban wancan da kaka gani, sai ya share akushi kana shi tambayi ina abinci." Da Saje ya ga Basharu ya murmure, sai ya zagaya gari yana cewa a dubi aikin biskit.

Daga nan ya ce saura darasin santsi. Tunda abokin gaba Tarwaɗa ne, dole Basharu ya koyi riƙe abin da ba ya riƙuwa. Ya jira Hajjo ta tafi barka, ya kwance ragonta, ya ɗauko tukunyar miyar karkashi da ta ajiye don dare, ya shafe ragon da ita tun daga ƙaho har wutsiya. Ya busa sau biyu. Basharu ya rungumi rago, rago ya sulluɓe. Ya sake kamawa, ya sake sulluɓewa. A karo na uku ragon ya tsaya ya dubi Basharu, ya dubi Saje, ya gane wanda ya shirya masa wannan wulaƙanci, ya ja da baya.

Saje ya zura a guje, rago yana biye. Cikin ruɗewa ya busa usur don a cece shi, amma numfashin busa ɗaya kawai ya samu. Basharu kuwa ya ƙame a tsakar gida, ya sara, yana kallon maigidansa da rago sun fice ta zaure. Suka bi ta lungun masaƙa, suka ratsa shanyar barkonon wata tsohuwa, suka ɓulla marina. A nan babban takalmi ya ci amanar mai shi, rago ya cika aiki, Saje ya tafi tsundum cikin rijiyar baba.

Marina suka zaro shi da sandar motsa rini, shuɗi tun daga kai har ƙafa, idanu kawai ke fari.

"Saje, in rini kaka so, ai da ka tuɓe rigar ka ba mu," in ji babbansu.

Saje ya tofar da ruwan baba, ya gyara tsayuwa. "Wankan magani ne. Ba kowa ka gane irin wanga ba."

Daren nan gidan Hajjo gaya aka ci. Ta zauna tana wanke ragonta da toka, ba ta ce wa ɗanta komai ba sai, "Auta, Allah shi shirye ka." Ya ce amin da ƙarfi, kamar wani ake wa addu'ar.

Shuɗin ya ƙi fita, sai Saje ya ga ai wata dama ce. Ya ari baƙin rawani ya yi amawali, ya ce yanzu duk wanda ya gan shi zai ɗauka Buzu ne, don haka zai je Kalgo leƙen asiri. Ya hau motar gyaɗa, ta sauke shi, ya ƙarasa da ƙafa har bakin gulbi. Can ya tarar da wani siririn masunci zai tsallaka da kwalekwale, da wasu mutane a ciki. Ya shiga ya zauna.

Buzun kirki da shiru zai yi. Saje kuwa ba a kai tsakiyar ruwa ba cikinsa ya fara ƙaiƙayi.

"Mai jirgi, ka san wani wai shi Tarwaɗa?"

"Nikan gan shi," in ji masuncin, "in ruwa ya kwanta."

"An ce ƙato ne awa rumbu."

"Mutane dai da ƙari."

"To in ka gan shi, ka ce mai shi yi bankwana da iyalinai. Gwandu ta samu mai horo. Saje Mika, ɗan Kututture. Mutumin da sojan Kaduna ka rawar jiki in sun ji tarinai."

"Kai ka san shi?"

Nan fa Saje ya kasa daurewa. Ya warware rawani, ya buga ƙirji. "Ni ne nan. Kuma don ku san ba wasa nika yi ba, da taken ubana yarona zai shiga hili."

Masuncin ya dakata da tuƙi, ya dube shi da kyau, fara'ar fuskarsa ta ɗauke. "Ɗan Kututture, ina yaro ubana ya ɗora ni bisa wuya don in ga ubanka. Har yau ban ga irinai ba. Ka san abin da ka biyo baya in anka ka da yaronka? Maganar ga ba ta wuce cikin jirgi ba. In ka janye ta, mu dut ba mu ji ba."

Da mai hankali ne da ya kama wannan igiya. Amma Saje ya ga idanu a kansa, abin da ya fi so a duniya ke nan. Ya miƙe tsaye har jirgin ya yi tangal-tangal. "Ku shaida, na hwaɗi. In an ka da Basharu, take naku ne."

Suna isa gaɓa sai yara suka sheƙo suna kama igiyar jirgi. "Sannu da aiki, Tarwaɗa. Tarwaɗa, yau akwai kihi?" Saje ya dubi siririn masuncin, masuncin ya dube shi. Ya nemi rawaninsa ya naɗa a karkace, ya ce ya tuna Inna ta aike shi.

Kafin ya iso Gwandu labari ya riga shi. Ya tarar da Baba Mamman zaune a zaure ya haɗa kai da gwiwa, Hajjo kuma tsaye a bakin ƙofa.

"Auta, mi kay yi?"

"Inna, dabarar yaƙi ce. Tsoro nis sa musu."

"Da abin ubanka? Gonar da yab bari ka bar ta ga ciyawa, ban ce komi ba. Abu guda yar rage da in an ambata ake tuna gidan ga, shi kak kai kasuwa?" Ta juya ga makaɗin. "Mamman, ka ƙi kaɗawa mana."

"Ba ni da iko, Hajjo. Magaji ya hwaɗi gaban shaidu. In na ƙi, sai a ce Gwandu ta ci amana." Ya dubi Saje. "Amma ina roƙonka abu guda. Ranar, ka bar usur ɗin ga gida."

"Baba Mamman, ka taɓa zuwa hili ba ganga?" in ji Saje, ya shige ciki.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Bayan la'asar filin bayan kasuwa ya cika ya batse, mutanen Kalgo a gabas, na Gwandu a yamma, yara a kan itatuwa. Ƙananan 'yan kokawa suka yi nasu aka watse. Sai Baba Mamman ya miƙe, ya gyara ratayar gangarsa, sannan ya sake ta. Kututturen gawo, sai dai a kewaye ka. Tsofaffi suka miƙe tsaye ba wanda ya ce su tashi. Wasu suna share ido da bakin riga. Can bayan taro, Hajjo da ta rantse ba za ta zo ba, tana tsaye a jikin wata danga ta rufe baki da mayafi.

Basharu ya shiga, kiɗan nan ya shige shi, ya zama wani mutum daban. Ya manta da lef da rai, ya koma kokawar da ya koya a kan yashi tun yana yaro. Tarwaɗa ya sulluɓe sau ɗaya, ya sulluɓe sau biyu, a na uku Basharu ya cafke shi a ƙugu, ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa suna harbin iska. Abin da ya rage kawai ya juya ya aje shi. Gwandu ta ɗauki ihu, maroƙa suna kiran Basharu, suna kiran Kututture.

Saje ya kasa kunne, ya ji ba wanda ya kira Saje. Yusufu wanzami kuma, da bai manta reshen durumi ba, ya matso kusa da kunnensa. "Ka gani? Da yaron ya aje shirmen bariki, ga shi zai yi kaye."

Wannan magana ta soki Saje. A ce a yi kaye ba da umarninsa ba? Ya yanke shawarar busa biyu, don kowa ya shaida da izininsa aka aje Tarwaɗa. Ya kai usur baki, ya manta da goron da ke kuncinsa. Ya busa ta fari lafiya lau. Da ya ja numfashin ta biyu, ɓarin goro ya bi iska ya sarƙe shi, ya duƙe yana tari.

Busa ɗaya ta ratsa fili. Basharu ya saki Tarwaɗa, ya haɗe ƙafafu, ya ƙame, ya sara. Tarwaɗa ya dira a kan ƙafafunsa, ya dubi ƙaton da ke tsaye a gabansa kamar turke, ya sa ƙafa ya kwashe shi. Basharu ya tafi rigingine, hannunsa yana nan a goshi.

Gangar Baba Mamman ta tsaya cak. Kalgo ta ɓarke da sowa. Saje da ya samu goron ya wuce, sai ga shi a tsakiyar fili yana ɗaga hannuwa, kunnuwansa har yanzu da sauran shuɗi.

"Ba kaye ba ne. A dokar bariki ba a taɓa soja in yana sarawa."

"Nan ba bariki ba ne," in ji sarkin fili, wani dattijo da ke raba kokawa tun zamanin Kututture. "Hita ka ba mutane wuri."

Sai Tarwaɗa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ni ma kayen ga bai yi min daɗi ba. Basharu ya gama da ni, usur yac cece ni. Ba ni son a ce na ɗauki taken Kututture a banza. Ga ɗanai nan cikin hili da ƙahwahunai. Shi zo mu kama. In ya ka da ni, ko ya kai har a raba mu bai hwaɗi ba, take ya zauna gida."

Mutanen Gwandu suka ce wallahi an yi adalci. Saje ya waiga, ya ga da'irar mutane ta rufe ruf, ba ko kafar da kaza za ta bi.

"Ai ban ɗaura warki ba."

"Wandon ya isa," in ji sarkin fili.

"Janar ba ya..."

"Saje kake," in ji Yusufu daga cikin taro.

"Inna ta aike ni."

Daga bayan danga aka ji muryar tsohuwa, a sarari. "Ban aike ka ba."

Baba Mamman ya sake ɗaukar kiɗan, don ko ba komai jinin Kututture ne a fili. Sarkin fili ya ba da izini. Tarwaɗa ya ɗan ranƙwafa ya miƙo hannuwa, Saje ya fara ja da baya. Suka zagaya fili sau ɗaya a haka, kamar mai korar kaza da kazar. Abin da ake nema a wurinsa ba yawa, ya tsaya a kan ƙafafunsa kawai har a raba, Tarwaɗa kuma kowa ya ga ba da zafi yake binsa ba. Amma Saje ba ya rabuwa da dabara. Ya hango Basharu ya tashi yana kakkaɓe jiki, Tarwaɗa kuma daidai gabansa. Busa biyu kawai, yaro ya gama masa aiki.

Ya fizgo usur da sauri, tsohuwar igiyar ta tsinke, usur ya faɗi cikin yashi. Ɗan mutumin da ko goro ba ya sunkuya wa ya duƙa, ya dafa ƙasa da hannun hagu, yana lalube da na dama.

"Ya taɓa ƙasa," in ji sarkin fili. "Kaye ne."

Tarwaɗa yana tsaye nesa da shi, hannuwansa a miƙe, bai ko shafi rigarsa ba. Dariyar da aka yi ranar har mutanen Gwandu da abin ya shafa sai da suka taya, suna yi suna salati. Baba Mamman bai yi ba. Ya taka har gaban makaɗin Kalgo, ya kaɗa masa taken a hankali don ya ji inda ake sassautawa da inda ake tsukewa, sannan ya rataye gangarsa ya tafi gida.

Washegari da safe, kafin baƙi su kama hanya, Hajjo tana shara sai ta ji kiɗan a ƙofar gidanta. Ta fito ta tarar da Tarwaɗa durƙushe, makaɗinsa a baya.

"Inna, na zaka in gaishe ki. Ba ni tahiya da abin gidan ga ban nemi albarka ba."

Hajjo ta tsaya tana saurare har makaɗin ya kai ƙarshe. Ta koma ɗaki, ta fito da warkin mijinta, wanda Saje ya sha roƙo a ba shi ya rataya a kafaɗa ranar kasuwa ta hana. Ta kakkaɓe shi ta miƙa wa Tarwaɗa. "Tahi da shi. Da kiɗin da warkin ba su saba rabuwa ba." Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabonta da yi tun mai gidan yana da rai.

Saje ya fito yana gyara wando, usur a wuya da sabuwar igiya. "Tarwaɗa, ka dai shaida ko taɓa ni ba ka yi ba. Har yau ba a yi namijin da yak ka da ni ba. In kana so, baɗi in zo Kalgo in ba ka horo."

"Na gode, Saje. Wanda kab ba Basharu ya ishe ni."

Suka kama hanya, gangar tana tafe tana faɗin abin da ta saba faɗi. Hajjo ta tsaya a ƙofar gida, tsintsiya a hannu, tana bin sautin da kunne har ya fara nisa. Saje ya ga idanunta sun cika, abin ya ɗan taɓa shi, ya matso.

"Inna, kar ki damu. Ina da wata dabara. Baɗi war haka ni da kaina zan maido shi gida."

Ba ta dube shi ba, don har yanzu ana ɗan jiyo kiɗan daga wajen gari.

"Bar shi can, Auta," in ji ta. "Can kokawa za a yi da shi. Nan hira aka yi da shi."